Wai ai Niyuton ma ya yi

Jiya da dare wajen mai shayi a unguwar Domayo, wani ƙanena da ya gama lisans a jami'ar Marwa ya sunkuya zai ɗauki makullin moto, sai ga guru a ƙugunsa, layu uku ɗinke da jar fata. Ashe shirin konkur ne, wato jarabawar neman aikin gwamnati, boka ya karɓe masa sefa dubu arba'in da baƙin zakara. Yaron nan fa shi ke cika mana kunne da Dekart, masanin falsafar nan na Faransa, komai ka faɗa sai ya ce kawo hujja. Na ce ƙane ina hujjar zakara? Wai ai yaya, masanin kimiyya Niyuton ma ya yi sihirin juya ƙarfe ya koma zinariya, Imamu Gazali ma ya shiga halwa.

Wannan maganar ce ta hana ni barci wallahi. E, Niyuton ya ɓata shekaru yana ƙone-ƙone a ɓoye, amma a 1687 ya fitar da littafin da har gobe da lissafinsa ake karantar da ku fizik. Kai me ka rubuta? Gazali kuwa kar ma ku haɗa shi da bokanku, mutumin da ya ajiye kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1095 don ya gyara zuciyarsa, bayan ya gama ƙure littattafan falsafa. Shi duniyar ya gudu ya bari, ku kujerar ofis kuke nema da jinin kaza. Kun tsallake wahalar mutanen kun ɗauko abin da ya yi muku daɗi, alhali kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Da rana a Facebook ana yi wa tsofaffi dariyar wuridi, da dare ana layi ƙofar boka an kashe fitilar moto. Wani ya binne ƙwarya a ƙofar shagonsa, wata ta jiƙa bik, wato biro, a ruwan rubutu kafin bak, jarabawar gama sakandare. Ba a fafe gora ranar tafiya samari! Kuɗin da ya rage kuma cacar ƙwallo ta waya ta cinye, wannan ma wani ciwon ne.

Ku dai gyara dan Allah. Babanmu da fitilar ƙwai ya yi karatu, in jarabawa ta zo Inna ta dama kunu a ba almajirai sadaka, malamin unguwa ya yi addu'a ko dala bai karɓa ba. Yanzu wai har ta WhatsApp ake tura wa boka sunan uwa.