Mai shago, raba waifai ɗin kwastoma da na kasuwancinka

'Yan'uwa masu shaguna, ofisoshi da ƙananan masaukai, maganata a kan rautar da aka maƙala muku a bango ce, wato na'urar da ke raba waifai, wadda tun ranar da mai haɗawa ya tafi ba wanda ya sake waiwayarta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora komai a kan waifai guda: na'urar POS, kwamfutar lissafi, firinta, kyamarorin tsaro da wayoyin ma'aikata. Sannan duk kwastoman da ya tambaya sai a miƙa masa kalmar sirrin, wasu ma a takarda suke rubuta ta su liƙa a jikin kanta. Wanda ya hau netwok ɗinka ba intanet kaɗai ya samu ba. Tamkar baƙo ne da ka ce ya jira a zaure, alhali ƙofar ɗakin ajiya a buɗe take. Da manhaja ta kyauta a wayarsa zai ga jerin duk na'urorin da ke haɗe, ya gwada shiga kyamara, ya leƙa fayilolin da aka bari a buɗe a kwamfuta. Ba ma sai shi mugu ne ba, wayarsa na iya ɗauke da muguwar manhaja bai sani ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabon kaya. Juya rautar, a ƙasanta akwai takardar da ke ɗauke da adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza alhali kana haɗe da ita, shafin saituna zai buɗe.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa: kalmomin sirri biyu ne. Akwai ta hawa waifai, akwai kuma ta shiga shafin saitunan rautar kanta. Ta biyun ta fi haɗari, kuma ita ce aka fi bari yadda kamfani ya sako ta, irin su admin da admin. Wanda ya samu wannan zai iya karanta kalmar waifai ɗinka duk sanda ka canza, zai iya kuma sauya saitin DNS, wato tsarin da ke kai ka shafin da ka rubuta sunansa, ta yadda idan ka rubuta adireshin bankinka a kai ka shafin bogi mai kama da shi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani kusan 60 kacal, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar. Don haka wannan kalmar za ka fara canzawa, kuma ma'aikaci ba shi da hurumin saninta.

Sai nau'in kulle. A saitin tsaro zaɓi WPA3 idan na'urorinka sun yarda da shi, in ba haka ba WPA2 tare da AES. Idan ka ga WEP, ko WPA mai TKIP, to ka kauce. Tun 2001 aka gano raunin WEP, kuma yau cikin mintuna ake fasa shi. Kamfanin TJX na Amurka ya bayyana a 2007 cewa an sace bayanan katunan kuɗi sama da miliyan 45, kuma ta waifai ɗin shago mai WEP ɓarayin suka fara kutsawa. Rautar da WEP kawai ta iya, lokacin ritayarta ya yi.

Ko da WPA2 ne, gajeriyar kalma na kayar da mutum. Lokacin da waya ke haɗuwa da rauta, suna musayar wasu saƙonni. Ɓarawo na iya ɗaukar wannan musayar daga cikin mota a bakin titi, ya koma gida ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi ba tare da ya sake kusantar shagonka ba. WPA2 na karɓar haruffa 8 zuwa 63. Ni shawarata kada ta gaza 15: kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, ka cakuɗa da lambobi. Lambar waya, sunan shago da shekarar haihuwa su ake fara gwadawa.

Kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ta danna maɓalli ko shigar da wata lamba. Lambarsa guda takwas ce, amma a ƙarshen 2011 aka gano cewa rauta na tantance ta rabi-rabi, lambar ƙarshen kuma ana iya lissafo ta. Saboda haka maimakon gwaji miliyoyi, 11,000 sun isa, kuma idan an dace rautar da kanta za ta miƙa kalmar sirrin komai tsawonta. Sabbin rautoci da dama na kulle kansu bayan kuskure kaɗan, amma babu dalilin barin wannan ƙofa don sauƙin danna maɓalli.

Yanzu ga ainihin abin da nake roƙo. Nemi wurin da aka rubuta Guest Network ka kunna. Ba shi suna daban da kalmar sirri daban. A ƙarƙashinsa yawanci akwai zaɓin barin baƙi su ga na'urorin cikin gida, wannan a kashe shi. Akwai kuma wanda ake kira AP Isolation, mai hana wayoyin baƙi ganin juna, wannan a kunna shi. Idan rautar na da iyakance gudu, ka yanka wa baƙi rabo, misali kashi ɗaya cikin uku na layinka, don kada mutum ɗaya mai sauke bidiyo ya sa POS ta tsaya ana tsakiyar ciniki. Wayoyin ma'aikata na kansu ma nan ya kamata su hau. Bayan ka gama, gwada da kanka: hau layin baƙi da wayarka, ka rubuta adireshin rautar ko na kyamara. Idan shafi ya buɗe, rabuwar ba ta yi ba, koma ka duba.

Duk na'urar da ba ta motsi, kamar kwamfutar lissafi da akwatin naɗar hotunan kyamara, a ja mata kebul. Ya fi ƙarko, kuma ba a sauraronsa daga waje. Su ma kyamarorin suna da tasu kalmar sirrin ta kamfani da ke jiran canji.

Ɓoye sunan waifai da tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke ɗauke da ita, ba tsaro ba ne, duk da ana yawan ba da shawararsu. Sunan na bayyana da zarar wata waya ta haɗu, lambar MAC kuwa ana kwaikwayonta cikin sauƙi. Kada su sa ka saki jiki.

Kashe Remote Management, wato shiga saituna daga wajen shago, haka ma UPnP, mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa zuwa waje, in ba wani aiki ke buƙatarsa ba. Duba sabunta manhajar cikin rautar duk bayan wata biyu ko uku. Raunin KRACK da aka bayyana a 2017 ya shafi WPA2 kansa, kuma sabuntawa ce maganinsa, a rauta da wayoyi da kwamfutoci. Idan kamfanin ya daina fitar wa samfurinka sabuntawa, fara tanadin sauyi.

Batun ƙarfin sigina kuwa, sau da yawa wurin ajiya ne matsalar, ba kamfanin intanet ba. Ɗora rautar sama, a tsakiyar wurin, nesa da ƙarfe, madubi da katangar kankare. A zangunan da rauta ke aika sigina a kai, zangon 2.4 GHz ya fi nisa da ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, a kansa tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, zaɓi wadda maƙwabta ba su cika ba. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma ba ya nisa. Na'urar ƙara nisan sigina mai rediyo ɗaya takan rage gudu kusan rabi, domin ita ke karɓa ita ke sake turawa. Jan kebul zuwa rauta ta biyu ya fi.

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko da lami lafiya aka rabu, a canza kalmar layin kasuwanci a ranar, domin wayarsa na riƙe da ita kuma sigina na kaiwa bayan katanga. Ta baƙi a riƙa sauya ta duk mako ko biyu. Sau ɗaya a wata buɗe jerin na'urorin da ke haɗe ka ƙirga, ka tambayi duk wadda ba ka gane ba. Kalmomin sirrin kuma a rubuta su a littafin da ke kulle, domin idan ka manta ta saituna, mafita ita ce danne ƙaramin maɓallin Reset na kusan daƙiƙa 10, wanda zai goge duk abin da ka saita ya mayar da kalmomin kamfani, sai ka sake bin matakan nan daga farko.