Pinochle da wot: kartar da ke ɗaure mutum da bakinsa

A gida, da zarar an ce wane ɗan karta ne, an gama da shi. Ba mai ba shi ajiya, balle 'ya. Nan kuwa jihar Pennsylvania, inda neman abinci ya kawo ni, waɗanda suka fi kowa riƙe karta tsofaffi ne masu furfura, maza da mata, wasunsu har da tattaɓa-kunne. A ɗakin taron dattawan unguwa suke haɗuwa da rana tsaka, ga shayi ga takarda da fensir na rubuta maki, kuma wasan da suka fi so sunansa Pinochle. Na zauna da su har hannuna ya faɗa, kuma zan faɗi abin da 'yan majalisarmu ba za su so ji ba: wasan nan ya fi wot ɗinmu zurfi nesa ba kusa ba.

Duka biyun baƙi ne a inda suka yi gida. Jamusawa 'yan ci-rani ne suka shigo da Pinochle Amurka a ƙarni na 19, kuma har yau ana buga ɗan'uwansa Binokel a yankin Württemberg na kudancin Jamus. Ita ma wot a Ingila aka ƙirƙiro ta a shekarun 1930, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta, sai ga shi mu 'yan Najeriya ne muka riƙe ta gam.

Kati 48 ne a Pinochle, ba 52 na kartar da aka saba ba. Iri huɗu ne, kowane iri yana da kati mai lamba tara, jak, sarauniya, sarki, goma da as, kuma kowane kati biyu ne iri ɗaya sak. As ne babba, sai goma, sannan sarki. E, goma ta fi sarki, kuma nan sabon shiga yake fara cin ƙasa. Mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu, abokinka yana zaune yana fuskantarka, kowa da kati 12.

Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi gwanjo, kamar dai yadda ake taya tufafi a bakin kasuwa. A teburinmu daga 250 ake farawa, a riƙa ƙara goma-goma. Abin da kake cewa shi ne, ni da abokina za mu tara maki kaza a wannan zagaye. Wanda ya fi kowa tayi shi ke zaɓen irin da zai yi mulki, wato wanda ƙaramin katinsa ma yana kayar da as na wani iri. Sai abokinsa ya miƙo masa kati uku a kife, shi ma ya mayar masa da uku.

A nan wasan ya kama ni. Ka ɗauka kana riƙe da as, goma, sarki da jak na masu zuciya, sarauniya kaɗai ta rage ka cika jeri, wanda ke da maki 150. Sarauniyoyin zuciya biyu ne, suna wani wuri cikin kati 36 da ke hannun mutum uku. Ko tana wajen abokinka? Ba ka da ikon tambaya, ba ƙifta ido, ba taka ƙafa a ƙarƙashin tebur. Abin da kake da shi kawai shi ne yadda ya yi nasa tayin. In ka ce 320 ta zo, ka tsira. In ba ta zo ba, bakinka ya riga ya ɗaure ka, kuma idan kuka kasa cika abin da ka faɗa, 320 ɗin nan gaba ɗaya za a zabge daga makinku, kai da wanda bai ji ba bai gani ba.

Bayan gwanjo kowa ya baje haɗin da yake da shi a fili a ƙirga. Sarki da sarauniya iri ɗaya aure ne, maki 20, in na iri mai mulki ne 40. As huɗu, ɗaya daga kowane iri, 100. Haɗin da wasan ya ci sunansa shi ne sarauniyar baƙin kati mai kan mashi da jak na jan daiman, maki 40, amma in ka haɗa biyu-biyu sai ya tashi 300. Daga nan kowa ya kwashe nasa, a shiga jifa sau 12, wato kowa ya jefa kati ɗaya, wanda nasa ya fi ƙarfi ya ci ya kwashe su. Dole ka bi irin da aka fara da shi, in kana iya ɗara abin da ke ƙasa dole ka ɗara, in ba ka da irin dole ka sa mai mulki. As, goma da sarki ne ke da maki goma-goma, cin ƙarshe ma goma, jimla 250. Ɓangaren da ya fara kai 1,500 ya yi nasara.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta ba tamanin baya, ita ce abokiyar wasana mafi yawan lokaci. Hannunta na rawa in tana raba kati, amma duk abin da aka baje a tebur ta haddace shi. Idan ta ga ni zan ci jifa, sai ta zaro gomarta ta jefa mini, katin da za ta iya riƙewa don kanta, ko kallona ba ta yi. Abin da zai shiga taskarmu take dubawa, ba abin da ke hannunta ba.

To kwatanta da wot. A wot ba ka da aboki, wanda ke gefenka shi ne abin farautarka. Ka jefa masa 2 ya ɗebi biyu, ka jefa 5 ya ɗebi uku, ka saki 14 kowa ya tafi kasuwa, ka jefa 20 ka nemi abin da ka tabbata ba shi da shi. Ba ka yi wa kowa alkawarin komai ba, in ka faɗi sai ka ce katin ne bai zo ba. Akwai dabara a ciki, ban musa ba, amma rabo ya fi yawa. A Pinochle ma rabo ne ke ba ka kati, sai dai kai ne da bakinka kake yanka wa katin farashi.

Ba wai wot ba ta da nata ba. Yaro ɗan firamare zai koye ta kafin shayi ya huce, mutum biyu za su buga, shida ma za su buga. Ga ihu, ga tsiya, ga wanda ya manta bai sanar da katinsa na ƙarshe ba aka kora shi kasuwa ana ta shewa. Teburin Pinochle ba ya da wannan armashin, wani lokaci shirun har ya ishe ni. Kuma jikokin tsofaffin nan ba su damu da koyo ba, waya ta ɗauke musu hankali. Rashin na huɗu ne ma ya sa aka jawo ni ciki tun farko.

Maganar caca kuwa, nan ma akwai masu sa kuɗi a Pinochle, ba waliyyai ba ne. Na kuma san akwai malamanmu da ke ƙyamar karta ko babu sisi a ciki, saboda cin lokaci da shagaltarwa daga salla, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da na gani dai shi ne mun bar karta a hannun 'yan tasha har sunanta ya ɓaci, dattijo mai mutunci sai dara, ramuka 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu a gindin bishiya. Dara wasan kaifin ƙwaƙwalwa ce, babu ja. Amma komai nata a fili yake, ba ta sa ka dogara da abin da ke ɓoye a hannun wani.

Mai son gwadawa ba sai ya yi odar komai daga Amurka ba. Katin wot ba zai yi ba, amma kartar Bature ta yau da kullum ta isa: a sayi kwali biyu, a cire daga 2 zuwa 8 da jokoki, abin da ya rage 48 ne cif. A samu mai rubuta maki wanda kowa ya yarda da lissafinsa, kuma a yi yarjejeniya kan mafi ƙarancin tayi da yawan katin da za a miƙa tun kafin a raba, don ko a nan kowane gari da irin tasa ƙa'idar.