Kafin ka taɓa React, ka sa maɓalli ɗaya ya yi aiki da hannunka

'Yan uwa masu son koyon haɗa manhajar yanar gizo, tambayar da kuka fi yi ita ce: da React zan fara, ko da Vue, ko da Angular? Duka ukun kayan aiki ne da ake gina shafukan yanar gizo da su. Amsata ɗaya ce, babu ko ɗaya tukuna. Na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, tunda duk tallar aikin da mutum ya buɗe sunan React yake gani. Amma abin yana ci mini rai, yadda matasa masu ƙwaƙwalwa suke shiga da zafinsu, su ɓata watanni suna kallon bidiyo, daga baya su ajiye su ce su ba su da kan abin. Wallahi suna da shi. Ƙofar da aka nuna musu ce ba ta mai farawa ba.

Shafin da burauza take nuna maka, ko Chrome ce ko Firefox ko Safari, a kan abu uku yake tsaye. HTML ke faɗin abin da ke cikin shafin: kanu, hoto, akwatin rubutu, maɓalli. CSS ke tsara kamanninsa. JavaScript kuwa shi ke sa shafin ya amsa idan ka taɓa shi. React ɗin ma da JavaScript aka rubuta shi, kuma duk abin da ka rubuta da shi sai an mayar da shi JavaScript zalla kafin burauza ta gane.

Ku dubi yadda abubuwan suka biyo juna. Lokacin da Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, shafi na karatu ne, ka karanta ka danna mahaɗi ka wuce wani. A 1995 Brendan Eich ya rubuta JavaScript a kamfanin Netscape, sai shafi ya fara motsi. Gmail ya fito a 2004, Google Maps a 2005, jama'a suka ga shafi yana sauya abin da ke cikinsa ba tare da an sake loda shi ba. Facebook ba su saki React ba sai a 2013, kuma matsala ce ta kai su: shafi ɗaya mai ɗauke da bayanai barkatai da ke sauyawa a lokaci guda, ga saƙo ya shigo, ga adadin sanarwa ya ƙaru, kuma dole ko'ina ya nuna daidai. React magani ne na ciwon da mai farawa bai taɓa ji ba. Shi ya sa yake shan sa ba tare da ya san me yake warkarwa ba.

Don haka ga abin da nake so ka yi a makonka na farko. Buɗe fayil ɗaya, ka sa akwatin rubutu biyu da maɓalli ɗaya. Aikin maɓallin shi ne ya haɗa lambobin da aka rubuta ya nuna jimla. Ƙaramin aiki ne, amma ka gwada. Za ka rubuta 5 a akwati na farko, 3 a na biyu, ka danna, sai ka ga 53. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Duk abin da aka ɗauko daga akwatin rubutu, JavaScript rubutu yake ɗaukarsa ko da lamba ce a idonka, kuma alamar tarawa idan ta haɗu da rubutu biyu manna su take yi. Sai ka mayar da su lamba da kanka kafin 8 ta fito. Wanda ya gano wannan da hannunsa ya fahimci bambancin nau'in bayanai fahimtar da ba ta gogewa.

Wataƙila ma kafin ka kai nan, ka danna maɓallin ka ji shiru. A nan ne masu yawa suke karaya, kuma a nan ne ya kamata su koyi danna F12. Gefen burauza zai buɗe, ka shiga konsol, inda burauza take nuna kurakurai, ka ga jan rubutu yana maganar null, wato an nemi abu ba a same shi ba, har da lambar layin da abin ya tsaya. Yawanci ɗayan biyu ne: ko sunan da ka ba maɓallin a HTML ya bambanta da wanda ka kira a JavaScript, ko da harafi ɗaya ne, ko kuma kod ɗinka ya fara aiki tun burauza ba ta gama gina maɓallin ba. Jan rubutun nan ka riƙa karanta shi a natse har ƙarshe. Rabin aikin mai rubuta manhaja karatunsa ne.

Idan wannan ya zauna, ka haɗa jerin ayyuka, inda mutum zai rubuta abin da zai yi, ya ƙara, ya goge, ya sa alamar ya gama. Na san an gaji da wannan misali, amma ban ga wanda ya kai shi koyarwa ba. Da farko za ka sa kowane danni ya je ya taɓa shafin kai tsaye: a ƙara layi a nan, a cire layi a can. Zai yi aiki. Sai ka so ka nuna adadin ayyukan da suka rage a sama. Ka goge aiki guda, layin ya ɓace, amma adadin yana nan bai ragu ba, saboda ka manta ka gyara shi a wurin gogewa. Ka gyara, sai ka ga wurin sa alamar gamawa ma haka. Ka ƙara maɓallin nuna waɗanda aka gama kaɗai, abu ya ƙara dagulewa. Abin da ke kan allo daban, abin da ke cikin jerinka daban.

A daidai nan tunani zai zo maka, ko wani ya nuna maka: me zai hana in ajiye gaskiyar bayanin a wuri ɗaya, in rubuta aiki guda da zai sake zana shafin daga wannan jerin duk lokacin da wani abu ya sauya? Ranar da ka rubuta wannan da kanka, ka kama tushen tunanin da aka gina React da Vue a kai. Daga nan idan ka buɗe darasinsu, za ka riƙa gyaɗa kai, domin ka san matsalar da kowane layi ya zo warwarewa. Sai ka sake loda shafin ka ga ayyukanka duk sun tafi, ka koyi ajiya a cikin burauza da localStorage, ka fara tambayar kanka ina bayanai suke zama. Wannan tambayar ce za ta kai ka ga sabar, wato kwamfutar da shafinka yake aika wa buƙata ta intanet, da rumbun bayanai.

Magana da sabar tana da nata darasin. Amsa ba ta zuwa nan take, wani lokaci ma ba ta zuwa. Me mutum zai gani a allo yana jira? Idan ya ƙosa ya danna maɓallin aikawa sau biyu, saƙon sau biyu zai tafi? Idan intanet ta yanke a tsakiya fa? Bidiyon koyarwa ba kasafai yake tsayawa a nan ba, saboda a kwamfutar malamin komai yana tafiya sumul. Kuma ka riƙe abu biyu tun yanzu. Duk kod ɗin da ya je burauza kowa na iya karanta shi, kada ka saka makullin sirri a ciki. Sannan binciken da ka yi wa fom a burauza don sauƙaƙa wa mai amfani ne, mai mugun nufi zai tsallake shi, dole sabar ta sake bincikawa.

Kallon bidiyo ba laifi ba ne. Matsalarsa yana sa ka ji kamar ka iya. Kana bin malami layi bayan layi, komai yana fitowa, zuciyarka fari tas. Gwajin gaskiya shi ne ka rufe bidiyon, ka buɗe fayil babu komai a ciki, ka sake gina abin, sannan ka ƙara masa wani abu da malamin bai yi ba. In ka maƙale, ka duba MDN na Mozilla, shafin da ke bayanin HTML da CSS da JavaScript, kyauta ne, kuma ƙwararru ma can suke dubawa kullum. Darussan freeCodeCamp su ma kyauta ne, suna sa ka rubuta da hannunka.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 abin ya ƙara sauƙi, ya kuma ƙara haɗari ga mai koyo. Zai rubuta maka jerin ayyukan nan cikin daƙiƙoƙi, ya yi aiki, kai kuwa ba ka ƙaru da komai ba. Ni shawarata, a watanninka na farko ka mayar da shi mai yi maka bayani. Manna masa saƙon kuskuren ka ce ya fassara maka me yake nufi, gyaran kuma ka yi da kanka. Layin da ba za ka iya faɗin aikinsa ba, kada ya kwana a cikin fayil ɗinka.

Wani zai ce, to ai masu ɗaukar aiki React suke nema, lokaci kuma ba ya jira. Gaskiya ne, kuma ban ce kada ka koya ba. Amma kod ɗin React cike yake da abubuwan JavaScript na yau da kullum, irin su map da filter, masu sarrafa jerin bayanai, da salon rubutun da ya shigo harshen a 2015. Wanda bai san su ba, abu biyu yake koyo a lokaci guda, kuma idan kuskure ya fito ba zai san na wanne ba ne. Wanda ya san su, React ba ya ɗaukarsa dogon lokaci. Sannan kayan aikin nan sauyawa suke yi. jQuery da ya fito a 2006 ya yi zamaninsa har ana ganin ba a aiki sai da shi. AngularJS na 2010 Google da kansu suka daina kula da shi gaba ɗaya. Amma yadda burauza take sauraron danni tana nan, kuma da ita za ka ci gaba da aiki ko me ake yayi gobe.

Idan jerin ayyukanka ya fara aiki, kada ka bar shi a kwamfutarka. Koyi Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod, daidai gwargwado, ka ɗora aikinka a GitHub, shafin ajiye kod, ka kunna GitHub Pages, zai ba ka adireshi kyauta. Tura wa wani wanda bai san komai a kan kod ba, ka zauna kusa da shi ya buɗe a wayarsa, kai kuma ka kama bakinka. Za ka ga ya danna ƙara bai rubuta komai ba, layi marar rubutu ya shiga jerin. Za ka ga yatsansa ya kasa samun maɓallin gogewa don ya yi ƙanƙanta, ko dogon rubutu ya fita daga gefen allo. Rubuta duk abin da ka gani a takarda, ka koma ka gyara su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sake gina wannan manhajar da React.