A daina jera keke mai taya ɗaya da mai giya ɗaya a layi guda ana ce mana sakamako ne

Abin nan ya isa haka. Duk ƙarshen mako sai an turo jerin sunaye a WhatsApp, wai sakamakon zagayen keke da aka yi a hanyar burji ta bayan gari: wane minti tara, wane minti goma sha bakwai. An karɓi kuɗin rajista a hannun yara, an shanya su a rana, sannan a fito da lissafin da ko ɗan firamare ba zai yarda da shi ba. Mai keken giya ɗaya, da mai giya ashirin da ɗaya, da yaron da ya zo da keke mai taya ɗaya, duk a layi guda. Babu girman taya, babu yawan haƙoran da sarƙa ke bi, ko tsawon hanyar ba a rubuta ba. Haba jama'a! Me aka auna ke nan?

Keke mai taya ɗaya ba shi da sarƙa, ba shi da firiwil, wato haƙoran tayar baya da ke barin taya ta ci gaba da juyawa ko an saki feda. Feda a jikin tayar take, juyi ɗaya na ƙafa juyi ɗaya ne na taya. Tayar inci 26 tana cin kusan mita 2.1 a juyi guda. Idan zagayen kilomita 3 ne, sai mahayin ya juya ƙafa wajen sau 1,430. A ce yana yin juyi 90 a minti, bai faɗi ba, bai tsaya ba, zai ci kusan minti 16. To ɗauki keken giya ɗaya mai taya irin wannan, haƙori 32 a gaba, 16 a baya. Juyi ɗaya na ƙafa juyi biyu ne na taya, mita 4.2. Da saurin ƙafa iri ɗaya, minti 8 ya gama. Wato tun kafin a busa usur an riga an ba shi rabin lokacin ɗan'uwansa kyauta. Ga kuma gangara: mai taya biyu zai saki feda keken ya tafi da shi yana hutawa, shi kuwa mai taya ɗaya dole ya ci gaba da juya ƙafa, har ma ya riƙa danne fedar baya don kada tayar ta kwace masa. Wurin da tazarar ke raguwa shi ne hawan tudu da kwana mai tsauri, kuma waɗannan su ne ba a taɓa aunawa daban.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake mayar da yaron nan abin dariya a ƙasan jeri, ana ce masa ɗan wasan kwaikwayo. Wanda ya yi kilomita 3 a kan tsakuwa da taya ɗaya cikin minti 17 ya yi aikin da yawancin waɗanda ke saman jerin ba za su iya ko mita goma nasa ba. Wasa ne mai ƙa'ida: a gasar duniya ta Unicon, wadda ake yi duk bayan shekara biyu, hawan tudu daban ake auna shi, gangara daban, zagayen daji daban. Ko a tsakanin masu taya ɗayan ma ba a yin kuɗin goro. Tayar inci 24 mita 1.9 take ci, ta inci 29 kuwa mita 2.3, bambancin juyi wajen 275 ke nan a kilomita 3, kusan minti uku cur. Tsawon ƙarfen feda ma yana da tasiri: mai milimita 125 ya fi saurin juyawa, mai 150 ya fi ƙarfin hawa da riƙe gangara.

Su ma masu giya ɗayan ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Mai 32 da 20 mita 3.4 kawai yake ci a juyi, ya ji daɗin tudu, a sarari kuma a bar shi. Tsohon keken nan namu na zuwa kasuwa, mai tayar inci 28 da haƙori 44 da 18, yana cin wajen mita 5.5, a kwalta ba ya da sa'a, amma da ya shiga yashi ko ya fuskanci tudu sai mai shi ya sauka ya tura.

Ga inda ɓarnar take kai wa aljihu. Yaro ya ga sunansa a ƙasa, bai san lissafin ne ya cuce shi ba, sai ya garzaya Sabon Gari ya sayo ƙaramin firiwil, ya kai wa mai gyara ya ce a ƙara masa gudu. Mai gyara ba zai tambaye shi inda yake hawa ba, zai ɗaura kawai. Mako biyu gwiwa ta fara ciwo. Mafi muni shi ne masu mayar da keken giya da yawa zuwa giya ɗaya ta hanyar yanke sarƙa kurum. Yawancin waɗannan kekuna ramin da tayar baya ke zama a tsaye yake, ba a iya jan tayar baya don a ɗaure sarƙar, dole sai an sa abin da zai riƙa tamke ta. Ba a sa ba, an kuma bar sarƙar a kan haƙoran da aka ƙera musamman don su riƙa sakin ta lokacin canjin giya, ga farantin gaba bai yi saiti da na baya ba. Sai mutum ya miƙe tsaye yana taka tudu da dukkan ƙarfinsa, sarƙa ta zame, gwiwa ta daki kan keke, haɓa ta daki ƙasa. Sarƙar giya ɗaya, idan ka danna ta da yatsa a tsakiya, wasan da za ta yi kada ya wuce kamar santimita ɗaya, kuma a gwada a wurare uku ko huɗu ana juya feda, domin farantin ba ya cika zama daidai cif. Mai taya ɗaya kuwa, fedar hagu zarenta a juye yake. In aka ɗaura sirdi ta baya, fedar dama ta koma hagu, tafiya kaɗan za su fara kwancewa su cinye zaren ƙarfen. Sannan a je wurin mai faci ya bunƙara taya da iska har ta zama dutse yana gwadawa da babban yatsa, alhali faffaɗar tayar daji tana son iska sassauƙa, wajen awo 20 zuwa 25 na PSI a gejin iska, don ta kama ƙasa maimakon ta riƙa tsalle.

Shi kansa awon lokacin fa? Wani da agogon hannu aka auna shi, wani kuma hoton Strava, manhajar auna tafiya, ya turo daga wayarsa. Waya kusan sau ɗaya a daƙiƙa take ɗaukar wurin da kake, tana kuma kuskuren 'yan mitoci, don haka a ce wane ya fi wane da daƙiƙa biyu zancen banza ne. Wani ya turo lokacin da keke ke motsi kaɗai, wanda ya zubar da duk tsayuwar da ya yi yana mayar da sarƙa, aka haɗa shi da na wanda aka ƙirga masa har faɗuwarsa. Wani ya hau da sanyin asuba, wani sai ƙarfe goma sha ɗaya a zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40. Hanyar da ruwan Agusta ya danne ta yi tauri ba ita ce ta hunturu ba, lokacin da tifofi suka niƙe ta ta zama gari. Ba a share tsidau ba, ba a tsayar da kowa a mararraba ba, ɗan adaidaita sahu ya ratso, garken awaki ya ratso, duk a wuyan mahayi.

Tunda kuna karɓar kuɗi, ku yi aikin. A ja layi ɗaya da toka, nan ne tashi nan ne sauka. A auna hanyar da tayar da aka san kewayenta. Agogo ɗaya a hannun mutum biyu, lokaci kuma daga tashi har isowa, ba ragi. Kowa zagaye uku a safiya guda, a ɗauki na tsakiya. Jeri uku daban, na taya ɗaya, na giya ɗaya da na giya da yawa, kuma gaban kowane suna a rubuta girman taya da haƙoran gaba da baya, na mai taya ɗaya a ƙara tsawon ƙarfen fedarsa da sau nawa ya sauka.