Muryar mugu tun kashi na biyu

Wani ra'ayi ya kafu a tsakanin masu sauraron littattafan da ake karantawa a YouTube da Telegram da WhatsApp, kuma ya fara ɓata labaran binciken kisa. Ra'ayin shi ne, wai gwanin karatu shi ne mai murya goma. In ya zo kan tsohuwa ya karkarwa, in ya zo kan ɗan sanda ya yi tsawa, in ya zo kan mugu ya dusashe maƙogwaro kamar wanda mura ta kama. Wanda ya karanta da murya ɗaya cikin natsuwa sai a ce karatunsa lami ne, ba gishiri, yana sa barci. Masu tasoshi kuwa kunnensu yana wajen masu sauraro, don haka suka bi. Yanzu da wuya ka buɗe labarin kisa ba ka ji ƙarar bindiga, jiniyar motar 'yan sanda da kiɗan fargaba suna rige-rige da mai karatu ba.

A labarin soyayya wannan ba ya kashe kowa. Tun shafin farko an san kishiya ce matsala, an san wa zai auri wa, hanyar kaiwa can ake saurare. Labarin binciken kisa dabam yake. Jarinsa guda ɗaya ne: mai sauraro bai san wanda ya yi ba, kuma marubuci ya yi wahala wajen raba zargi daidai tsakanin mutum huɗu ko biyar. Ya ba direba dalili, ya ba matar mamaci dalili, ya ba ƙanin mamaci bashi da gardamar gado, ya ɓoye ainihin mai laifin a cikin mutanen kirki. To mai karatu ya riga ya karanta ƙarshe, ko ya leƙa. Da Alhaji wane ya buɗe baki a kashi na biyu, yana yi wa iyalan mamaci ta'aziyya, sai a ji muryar ta yi ƙasa, ana jan kalmomi, har da 'yar dariyar ƙeta da babu ita a rubuce. Shi ke nan. Sauran kashi talatin da takwas jiran sufeto ake yi ya gano abin da yaro ɗan shekara goma ya gano tun ranar farko.

Abin haushin shi ne masu sauraron da aka yi wa wannan sata su ne ke yabawa. Suna cewa mai karatun ya shiga cikin labarin. Ya shiga, har ya fito musu da ƙarshensa.

Ka'idar da masu wannan sana'a ke bi ba ta da wuyar fahimta. Muryar kowane mutum ana gina ta ne a kan abin da mai sauraro ya sani game da shi a daidai wannan shafin, ba abin da zai bayyana a gaba ba. In marubuci ya gabatar da mai kisan a matsayin dattijo mai fara'a, to a karanta shi dattijo mai fara'a, har zuwa layin da asirinsa ya tonu. Agatha Christie, marubuciyar labaran binciken kisa 'yar Ingila, ta fitar da wani littafi a 1926 wanda mai ba da labarin da bakinsa shi ne ya yi kisan. A ba irin masu karatunmu na murya goma wannan littafi, kafin a gama gaisuwa sun miƙa shi caji ofis.

Kuma bambanta mutane ba ya bukatar duk wannan wasan kwaikwayo. Abu uku sun isa: sauri, tsayin numfashi, da ɗan ɗaga murya ko sauke ta kaɗan. Wannan yana magana da gaggawa yana cinye ƙarshen jimla, wancan yana tsayawa kafin ya ba da amsa. Namijin da ke maƙale murya don ya yi ta mace ba mace yake fitarwa ba, abin dariya yake fitarwa, kuma in a wurin yi wa matar mamaci tambayoyi ne, ya kashe wurin. Akwai kuma matsalar mantuwa. Littafi mai mutum ashirin, ana naɗarsa cikin mako shida, muryar da aka ba kofur a kashi na huɗu ta koma ta mai gadi a kashi na sha tara. A labarin da ake bin wa ya faɗi me, wannan kuskure yana sauya shaida. Shi ya sa ƙwararru ke ajiye guntun sauti na daƙiƙa goma zuwa sha biyar na kowane mutum, su saurara kafin su sake shiga bakinsa.

Inda masu yabon murya goma ba su taɓa kai hankalinsu ba shi ne wurin da gwanintar take a Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Ɗauki jimlar nan daga bakin wanda ake tuhuma: "Na ce ya kashe shi." In aka ja "ya" da dogon wasali da sauti sama, mutumin shaida ne, yana ba da labarin abin da wani ya aikata. In aka gajarta ta aka saukar da sauti, shi ne ya ba da umarnin kisan. Harufan iri ɗaya ne a takarda. Tsakanin karatun biyu akwai tafiya gida da hukuncin rataya. Mai karatun da bai karanta babin gaba ɗaya ya fahimci wa ke magana da wa ba, caca yake yi a kan irin wannan jimla, kuma rabin lokaci zai faɗi.

Ga kuma baƙaƙe masu ƙugiya. Yawancin littattafan nan a waya ake rubuta su, a tura a guruf, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, kuma ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Marubuciya ta rubuta "ya bata shaidar". Ya ba ta shaidar ne, ko ya ɓata shaidar? Ɗaya taimakon bincike ne, ɗaya laifi ne. Haka "wuya": ta samu rauni a wuya, ko ta sha wuya. Mai karatu nagari yana zama da biro ko da alamar launi a waya, ya bi rubutun kafin ya kunna makirufo, ya sa wa duk irin waɗannan wurare alama, inda ya kasa warwarewa ya tambayi mai littafin. Wannan aiki ba ya jin daɗin kunne, ba wanda zai yaba masa a kai, domin in an yi shi daidai ba a ma lura. Amma shi ne bambancin mai karatu da mai surutu.

Masu cewa a bar wa na'ura ta karanta a huta, su fara gaya mana yadda na'urar za ta san wace "ya" ake nufi. Apple ya fara sa muryar na'ura a littattafansa a farkon 2023, Audible, kamfanin sayar da littattafan saurare, ya sanar da tasa ga kamfanonin ɗab'i a watan Mayun 2025 da muryoyi sama da 100, a Turanci da Sifaniyanci da Faransanci da Italiyanci. Babu Hausa a ciki, kuma ko a waɗancan harsunan da ba su da karin sauti irin namu, masu sauraro ba su daina ƙorafi ba.

Sai batun kiɗa da ƙarar bindiga, wanda nan ne abin ya wuce rashin dabara ya zama rashin sanin aiki. Audible, ta hanyar dandalinsa na ACX, yana da ma'auni a rubuce ga duk wanda zai kawo littafi: matsakaicin ƙarfin sauti tsakanin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) -23 da -18, ƙololuwarsa kada ta haura -3, hayaniyar ɗaki kada ta wuce -60. Ma'anar waɗannan lambobi mai sauƙi ce: kada mai sauraro ya riƙa kai hannu yana ƙara sauti yana ragewa. To me ake yi a wajenmu? Mai karatu ya yi raɗa don ya nuna ɓarawo na laɓe, mace tana wanke-wanke ko direba yana cikin adaidaita sahu, ba ta ji ba, bai ji ba, aka ƙure sauti. Daƙiƙa biyar bayan nan sai harbi ya tashi a cikin iyafis. Wannan cutar da kunne ne, ba fasaha ba. Ita kuwa muryar mugun da ake kai wa can ƙasan maƙogwaro, ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, sai ya zama gunaguni. Kalmar da ke ɗauke da sirrin labarin, sunan unguwa ko ƙarfe nawa aka ga motar, a nan take nutsewa. In kuma an dage sai an sa kiɗa a ƙarƙashin magana, ya kamata ya zauna aƙalla desibel 18 zuwa 20 ƙasa da murya. Mafi yawan abin da ake ji yanzu kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, ga fanka na juyawa, ga janareton maƙwabta.

Dalilin duk wannan gaggawa ce, kuma masu sauraron nan su ne ke hura wutar ta da "muna jiran ci gaba" kowace safiya. Karatu mai kyau yana tafiya a kan kalma 150 zuwa 160 a minti, wato wajen kalma 9,300 a awa. Lissafin da masu sana'ar ke yi shi ne awa ɗaya da aka kammala tana cin kimanin awa shida na aiki: naɗa, yanke kurakurai, daidaita sauti, sannan a sake saurara daga farko ana bin rubutu. Littafi mai kalma dubu tamanin ya haura awa takwas na saurare, aikin awa hamsin ke nan. Wanda ke sakin minti arba'in kullum shi kaɗai, da waya ɗaya, wani mataki ya tsallake, kuma kullum matakin shiri da na sake saurare ne ke tafiya. Sai a rufe ramin da jiniya. Sa ƙarar bindiga minti biyu ne, warware "na ce ya kashe shi" kuwa sai an karanta babi uku.

Za a ce ai jama'a abin da suke so ke nan. Jama'a sun so shi ne don ba a ba su wani ba.

Masu tasoshi su rage yawan abin da suke saki, ko da zuwa kashi uku a mako ne. Marubutan da ke ba da izinin karanta littattafansu su nemi a turo musu kashi biyun farko su ji kafin a saki, musamman wurin da mai laifin ya fara magana. In sun ji an dusashe masa murya, su ce a sake.