Ranar da zuciya ta yi nauyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Akwai ranar da mutum zai farka ba ciwon kai, ba zazzaɓi, amma ƙirjinsa a cunkushe. Waya na ƙara, yana kallonta har ta tsinke. Wanka ma ya zama aiki. In an ce masa "ya gida?" ya ce "lafiya lau", alhali shi kaɗai ya san abin da yake haɗiyewa. Mai irin wannan ranar nake so mu yi magana da shi yau.

Da farko, a daina ce wa mai ƙunci imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya ba da labarin kuma bai zarge shi ba. Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib a shekara guda, ta 10 bayan aiko shi, har malaman tarihi suka sa mata suna shekarar baƙin ciki. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu kuwa, hawaye suka zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To wane ne ni, wane ne kai, da za mu ce zuciyar mumini ba ta yin nauyi?

Ku buɗe Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa ta 26. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ita kaɗai, ba uwa ba ungozoma, ga tunanin abin da mutane za su faɗa in sun gan ta da jariri. Abin ya kai ta har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan rana, a manta da ita ɗungurungum. Wannan fa macen da Allah Ya zaɓa ce a kan matan talikai. Amsar da aka ba ta ba faɗa ba ce. Aka ce mata kada ki yi baƙin ciki, ga ƙorama nan a ƙarƙashinki, ki girgiza kututturen dabinon, nunannu za su zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankalinki.

Duk wanda ya taɓa dafa kututturen dabino ya san ƙato ma ba ya iya jijjiga shi, balle mace mai haihuwa. Wanda Ya ba ta ɗa ba tare da uba ba, zubo mata da dabino ba zai gagare Shi ba. Duk da haka sai da aka ce ta miƙa hannu. Malaman tafsiri sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan riƙo da sababi, ni kuma abin da ya fi tsaya min shi ne ƙanƙantar abin da aka nema daga gare ta: motsa hannu, ci, sha.

Nan ne da yawanmu muke maƙalewa. Muna jira sai mun ji daɗi sannan mu tashi, alhali sau da yawa tashin ne ke jawo jin daɗin. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ma da haka suke fara wa mai ƙunci: a zaɓi ɗan ƙaramin aiki, a sa masa lokaci, a yi shi ko zuciya ba ta so. Don haka ɗan uwa, kada ka ce sai ka gyara rayuwarka gaba ɗaya yau. Ka sauko daga gado. Ka yi alwala, ka ji sanyin ruwan a fuskarka. Ka buɗe taga. Ka sa wani abu a cikinka ko ba ka jin yunwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai salla. Manzon Allah (SAW) idan wani lamari ya dame shi salla yake tashi ya yi, kuma shi ne mai ce wa Bilal ya tayar da salla, ya hutar da su da ita. Raka'a biyu ba gaggawa, ka daɗe a sujada, ka faɗa wa Allah abin da ke damunka da harshen da ka fi iyawa. Ka lazimci addu'ar da Anas (RA) ya ce ya sha jin Annabi yana maimaitawa: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazani, wal ajzi wal kasali, har ƙarshenta. Ya haɗa damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala a numfashi ɗaya, kuma wanda ya taɓa shiga ya san tare suke tafiya.

Bayan Asuba, in da hali, kada ka koma cikin bargo kai tsaye. Ka ɗan taka, kana azkar ɗinka, har gari ya waye a kanka. Hasken safe yana daidaita wa jiki lokacin barci da na farkawa, tafiyar kuma tana sassauta zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin sa'a a kwana biyar. Ba sai da kayan wasanni ba, ƙafarka ta isa.

Dare kuma shi ne inda waya ke cin amanarmu. Ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, mutum na kwance yana jan allo da yatsa, yana kallon bikin wannan, sabuwar motar wancan, yana auna su da halin da yake ciki. Kowa fa abin da ya yi kyau yake ɗorawa. Annabi (SAW) ya ce mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Babba yana buƙatar barcin sa'a bakwai ko fiye, kuma wanda bai samu ba ko ƙaramar magana sai ta zame masa babba. Ka ajiye wayar nesa da matashin kai.

Ƙunci yana son kaɗaici, shi ya sa yake raɗa maka cewa ba wanda ya damu da kai. Ka saɓa masa. Ka kira mutum ɗaya da ka amince da shi, ka ce masa "yau ba na jin daɗi". Ka kuma nemi wanda za ka yi wa alheri. Suratud Duha ta sauka ne bayan wahayi ya ɗan yanke, ta rarrashi Annabi cewa Ubangijinsa bai rabu da shi ba, bai kuma ƙi shi ba. Amma dubi yadda ta ƙare: kada ka danne maraya, kada ka kyari mai tambaya, ka faɗi ni'imar Ubangijinka. Rarrashin da kansa ya tura shi wajen mutane.

Sai dai akwai ƙuncin da ya fi ƙarfin tafiyar safe. Tun kafin shekarar 934 Miladiyya da ya rasu, malamin nan na Musulunci Abu Zaid al-Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka ba gaira ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Likitocin yau suna cewa idan mako biyu suka wuce kusan kullum kana cikin ƙunci, abin da kake so a da ya fita daga ranka, barci da cin abinci sun rikice, to lokacin ganin likita ya yi. Annabi ya ce ku nemi magani, ya ku bayin Allah, bai ware zuciya ba. A yi addu'a, a je asibiti, ɗaya ba ya kore ɗaya.

Idan kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwar maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani a yau ɗin nan. Kai kuma da aka faɗa wa, kada ka tsaya a "ka yi haƙuri" ka kashe waya. Ka je inda yake, ka zauna, ka saurara ba tare da wa'azi ba, sannan ka raka shi wajen likita da ƙafarka.

Allah Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa. Amin.