Su biyu a kan piyano: abin da ake raina wa 'yan Hangari a ƙasashen waje

Akwai wani ɗan raini da ake yi wa makaɗan piyano idan suka hau dandamali su biyu, kamar dai aikin mutum ɗaya ne aka raba gida biyu don kowa ya huta. Ni sam ban yarda ba, kuma 'yan ƙasar Hangari ne hujjata.

Shi piyano 'yar guduma ce take bugun waya a cikinsa, sautin yana fita tas a take, ba kamar goge ba da za ka iya lallaɓowa ka shiga a hankali ba wanda ya ji. Idan ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiftawar ido ne, duk zauren ya ji. Kamar lugude ne a turmi ɗaya, wadda ta kuskure lokaci taɓarya ce za ta haɗu da taɓarya. In piyano biyu ne suna zaune nesa da juna, kowa ba ya ganin hannun ɗan'uwansa, sai kai da numfashi. In kuwa guda ɗaya suke rabawa, hannu huɗu a kan maɓalli 88, ga gwiwar hannu tana karo, ga fedar da ke tsawaita sauti mutum ɗaya ne yake taka wa su biyun, dole ka bar wani ya riƙe maka sautinka. Shi ya sa da yawansu mata da miji ne.

Béla Bartók, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Hangari, ya auri ɗalibarsa Ditta Pásztory a 1923, a 1937 ya rubuta sonata, wato dogon kiɗa mai sassa-sassa, ta piyano biyu da ganguna, suka fara kaɗa ta tare a Basel ta Suwizalan a Janairun 1938. Da Hangari ta karkata wajen Hitler suka tattara suka tafi Amurka a Oktoban 1940, da tunanin wannan kiɗan na su biyu zai ci da su. Bai ci da su ba, gayyata ta yi ƙaranci, mutane suna jin kiɗan ya yi musu tsauri a kunne. A Janairun 1943 suka yi wasa a New York da babbar ƙungiyar makaɗan birnin, Fritz Reiner yana jagora, shi ma ɗan Hangari ne, haifaffen Budapest babban birnin ƙasar, kuma daga ranar Bartók bai sake hawa dandamali ba. Sankarar jini ta kashe shi a Satumban 1945.

Gidan bai mutu ba dai. Makarantar kiɗa ta Liszt da aka buɗe a Budapest a 1875 ta fitar da Zoltán Kocsis da Dezső Ránki, suna samari a shekarun 1970 suka yi ta kiɗa tare, daga baya Ránki ya ci gaba da matarsa Edit Klukon, yanzu shekaru da dama kenan suna zagaya ƙasashe. Ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 10 ba fa.

Abin da yake ba ni haushi shi ne abin da 'yan kallo a waje suke jira. Da an ce 'yan Hangari biyu ne, to sai an kaɗa musu raye-rayen Hangari na Brahms kafin a tashi. Suna da daɗi, ban ce ba su da shi ba, amma Brahms Bajamushe ne ɗan Hamburg, kuma salon ya ɗauko ne daga makaɗa 'yan ƙabilar Roma (waɗanda ake kira Gypsy) na gidajen shan kofi a birane. Bartók kuwa tun 1906 yake bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya don ya nuna waƙar manoman ƙasarsa daban take, har Biskra ta Aljeriya sai da ya je a 1913 yana naɗar kiɗan Larabawa.

Na san masu shirya taro suna da nasu uzurin. Ƙananan zaure da yawa piyano ɗaya gare su, hayar na biyu kuɗi, mai saita waya sai ya daidaita su biyun su zama murya ɗaya, sonatar Bartók kuma tana buƙatar ƙarin makaɗan ganga biyu da kayansu, ga tikiti dole ya sayu. Duk na ji. Amma in har an iya biya wa mutum biyu jirgi da otal daga Budapest, a bar su su zaɓi ko da rabin abin da za su kaɗa mana, Brahms ya jira sai an tafa an ce su ƙara.